Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Sadarwa da Shugaban NITDA: ku zo ku gwada karatun nan da irin wayarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Ministan Sadarwa, Ƙirƙira da Tattalin Arzikin Dijital, Dakta Bosun Tijani, da Shugaban hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, wato NITDA, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, ina gaishe ku, ya aiki ya haƙuri da jama'a, Allah ya taya ku riƙo.

Da gangan na rubuta wasiƙar nan da Hausa. Idan ta yi wa Minista nauyi, to Malam Kashifu kai ɗan Haɗeja ne, dan Allah ka zauna ka warware masa ita, kuma ɗan wahalar da za a sha wajen fassarar ma tana cikin abin da nake so a ɗanɗana, don mu kullum haka muke karatu, sai dai namu a juye yake.

Ni ba wani ba ne, matashi ne a Kano da ya gama digiri ya yi bautar ƙasa ya dawo gida ya zauna, daga baya na faɗa koyon tsara manhaja ta intanet, abin nan da ake cewa UI/UX. Ina magana ne da yawun wasu ƴan'uwa da muka haɗu a wani guruf na WhatsApp, akwai ƴan Kano, akwai na Zariya da Katsina da Gusau da Azare, yawancinmu UX muke koyo, wasu nazarin data, wasu rubuta kod. Ba ƙungiya ba ce mai rajista, ba mu da shugaba ba mu da sakatare, kawai dai sun ce tunda ni na fi kowa surutu to ni zan rubuta.

Kafin in fara ƙorafi bari in faɗi alheri, don yabon gwani ya zama dole. Shirin 3MTT da kuka ƙaddamar a ƙarshen 2023 da burin horar da mutum miliyan 3, kuka fara da 30,000 sannan aka ce 270,000 a zagaye na biyu, kuma cikin fannoni 12 da kuka zaɓa har da UI/UX, wallahi ya yi mana rana ko da ta fuska ɗaya ce. A da idan ka ce wa baba a gida kana koyon UX sai ya kalle ka sama da ƙasa, a ransa ya gama yanke hukuncin wata sabuwar hanyar yahoo ce, yanzu kuwa aƙalla za ka ce masa ai gwamnati ma tana koyar da shi. Mun kuma ji maganar shimfiɗa wayar intanet ta fayiba mai tsawon kilomita 90,000, mun ji burin NITDA na kai ilimin dijital ga kashi 70 na ƴan ƙasa zuwa 2027 da kashi 95 zuwa 2030. Duk muna fatan Allah ya cika.

Abin da ya tayar da wasiƙar nan shi ne ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 da hukumar kula da kamfanonin sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025, kuma NCC a ƙarƙashin ma'aikatarku take. Mun ji hujjar kamfanoni, dizal ya yi tsada, dala ta tashi, ana sare musu wayoyi, sun shekara sama da 10 ba a taɓa farashin ba, ba mu ce ƙarya suke ba. Amma ta ɓangarenmu yadda abin yake shi ne, an ce mana ku je intanet ku koyi sana'a, mun je, sai aka ƙara kuɗin shiga ajin, kuma ba mu ga an ware wa mai karatu wani rangwame a cikin ƙarin ba. Tun daga lokacin guruf ɗinmu yake ta yin shiru da kaɗan kaɗan, ba wanda ya fito ya ce na daina, kawai sai ka ga mutum ya kwana biyu bai turo aiki ba, ka kira shi ya ce wallahi sai a hankali.

Yallaɓai, darasin farko da ake koya wa duk mai koyon UX shi ne kada ka ɗauka kai ne za ka yi amfani da abin da kake tsarawa. Ka tashi ka je wajen mutumin, ka ga irin wayar da ke hannunsa, ka ga inda yake zaune, ka miƙa masa abin ka yi shiru ka ga inda zai maƙale. Don Norman, wanda ya yaɗa wannan suna na UX lokacin yana aiki a Apple a shekarun 1990, kan wannan ya gina komai, kuma Bahaushe ya riga shi faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai kuma Jakob Nielsen da ya ce idan ka gwada abu da mutum 5 kacal za ka gano mafi yawan matsalolinsa. To mu mun fi 5, sai muka ce bari mu ɗauki wannan awo da aka koya mana mu auna shi kansa karatun onlayin ɗin da shi. Ga abin da muka gani.

Na farko data da wuta, don su biyun tare suke tafiya. Darasin UX kusan duk bidiyo ne, ga aji kai tsaye a Zoom ko Google Meet na awa 1 ko 2, ga Figma da muke zane a kai wanda a burauza yake aiki, in babu intanet sai kallo. Kwas ɗin UX na Google da ke shafin karatu na Coursera su da kansu sun ce kimanin wata 6 yake ɗauka idan kana ba shi awa 10 a mako. Ku lissafa wannan a kan datar da ake saya giga ɗaya yau, giga ɗaya jibi. Shi ya sa da yawanmu muka koma mujiya, muna jiran datar dare mai araha, sha biyu ta yi a fara sauke bidiyo har kiran asalatu, a yi sallah a ɗan rintsa a tafi shago ko makarantar da ake ɗan koyarwa, da yamma a zauna kallon darasi ido na rufewa. Wuta kuma an raba mu aji-aji, ƴan Band A aka yi wa alkawarin awa 20, su ma a Afrilun 2024 kuɗinsu ya ninka sau uku da ɗoriya ya kai naira 225 kowane yunit, mu ƴan sauran band ɗin kuwa sai lokacin da aka ga dama. Janareta tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama kayan ado a tsakar gida.

Ba zan manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da jihohin Arewa da yawa suka yi sama da mako guda cikin duhu, layukan da ke kawo mana wuta sun sami matsala ga kuma layin Shiroro zuwa Kaduna an lalata shi. Ina tsakiyar wani aiki da zan saka a fotfoliyo, wato tarin ayyukan da ake nuna wa mai ɗaukar aiki, kullum sai in saɓa tsohuwar laftof ɗin yayana a jaka in je wajen mai cajin waya a bakin titi in yi ta ba shi haƙuri ya karɓa, batirinta kuma ko awa 2 ba ya yi, in dawo in yi zane da sauri kamar ana bina. Ranar miƙa aiki ta zo ta wuce, na'ura ba ta san an ɗauke wuta a Kano ba, ja kawai ta sa min. Da na kai kuka guruf ƴan Gusau dariya suka yi min, suka ce kai wuta kawai ka rasa, mu a Satumbar 2021 sabis ɗin aka kashe gaba ɗaya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni sai mutum ya hau mota ya bar jihar kafin ya tura saƙo.

Sai maganar laftof. Wannan ita ce katangar da ta fi kayar da mutane kuma ba a cika faɗa musu tun farko ba. Da waya za ka cike fom, da waya za ka kalli darasin makon farko da na biyu kana jin daɗi kana cewa ashe abin ba wuya, ranar da aka ce buɗe Figma ka zana shafi ranar za ka gane manhajarsu ta waya duba aiki da yin sharhi kawai ake yi da ita, ba a gina zane a kai. Na raka wani abokina kasuwar waya da kwamfuta ta Beirut Road neman ta hannu mai ɗan ƙarfi da za ta ɗauki aikin, kuɗin da aka faɗa mana ya haura albashin wata 3 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ɗan bautar ƙasa mai 77,000 ma sai ya yi watanni bai ci bai sha ba. Akwai wani yaro a cikinmu daga Azare, wallahi duk ya fi mu kai, a takarda yake zana komai da biro ya ɗauki hoto ya turo, sai wani mai laftof ya tausaya ya hau masa da shi Figma. Zane a takarda ba aibi ba ne, haka ma ake koyar da farawa, amma ba mai ɗaukarka aiki da hoton littafin 2A.

Dala kuma ba sai na ja ba. Manyan kwasa-kwasan nan da dala ake biya wata-wata, dalar da a farkon 2023 ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba ta haura 1,500 a 2024, ga shi daga 2022 har zuwa 2025 yawancin bankuna sun rufe sayayyar waje da katin naira, a lokacin sai mutum ya bi ta katin dala na manhaja ana yankarsa. Akwai tallafin Coursera, gaskiya ne, amma sai ka rubuta dogon bayani da Turanci ka jira kusan sati 2.

Wanda ya kawo ni kan harshe, kuma nan nake so ku ɗan tsaya ku saurare ni da kyau don ana yawan yi mana mummunar fahimta. Ba mu ce a daina Turanci ba. Mun san aikin nan da Turanci ake nemansa, da shi ake intabiyu, da shi ake magana da kwastoma. Abin da muke cewa shi ne mutum yana fama da sabon tunani da bai taɓa ji ba, a lokaci guda kuma yana fama da Turancin Ba'amurke mai magana ta hanci da sauri, to wanne zai kama? Yaron da ya yi makarantar gwamnati a ƙauye ya ci WAEC da ƙyar ba daƙiƙi ba ne, kunnensa ne bai saba ba. Mun gwada mun gani, duk darasin da ya gagari mutane sai ɗaya daga cikinmu da ya gane ya yi bayaninsa da Hausa a saƙon murya na minti 5, nan take sai ka ga ana ta turo "au, ashe wannan ake nufi". Mun taɓa kwana 2 muna gardama kan yadda za a ce wayafirem da Hausa, a ƙarshe muka tsaya a kan ƙwarangwal, wato ƙashin shafi kafin a sa masa nama da kala, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake tambayar mene ne shi. Wannan aikin ƴan guruf ne a kyauta da datarsu, alhali aikin hukuma ne.

Bayan harshen ma akwai su kansu misalan. A wani kwas da na yi, aikin da aka ba mu mu yi nazari a kai manhaja ce ta neman wanda zai fitar maka da karenka yawo. Yallaɓai kare fa, yawo. Na zauna ina tunanin wa zan je in yi wa tambayoyi a unguwarmu kan wannan ba tare da an tara min yara ba. Wani kuma odar kofi. Ba laifinsu ba ne, don mutanensu suka tsara, sun bi ƙa'idar UX ɗin daidai. Mu ne aka ɗauko mana rigar wani aka ce mu saka.

Alhali matsalolin da ke jiran mai tsara manhaja a nan sun fi ƙarfin lissafi. Ku tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta ɓace, aka tilasta wa kowa taransifa. Gwaggona da ke sayar da ƙuli da man gyaɗa a gida, wayarta da lambar sirrinta take miƙa wa yaron POS ya yi mata komai, don manhajar bankin Turanci ce zalla, lambar da ake dannawa kuma kafin ta lalubo tabarau ta gama karanta zaɓi na farko lokaci ya ƙare an koro ta. Wannan ba jahilcinta ba ne, matar da ke riƙe lissafin bashin mutum 30 a ka ba a kiranta jahila, wanda ya tsara abin ne bai taɓa zama da irinta ba. Ga fom ɗin da ke ƙin karɓar suna saboda akwai alamar ɗauri a ciki, duk mai suna Sa'adatu ko Isma'il ko Mu'azu ya san wannan, sai ya cire ta, gobe kuma a ce sunansa na NIN bai yi daidai da na BVN ba ya kama zarya. Ga fom mai tilasta maka sunan dangi alhali mu da sunan uba ko na gari muke amfani. Ga haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, da suke komawa akwati a shafuka da yawa don ba a zaɓi rubutun da ya san da su ba, ko a cire lanƙwasar gaba ɗaya sai ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa. Ni har mamaki nake, wanda ya sa ajami a jikin takardar naira tun da can ya fi wasu masu digirin yanzu sanin UX, don ya san akwai miliyoyin da ba su yi boko ba amma suna karanta "naira dubu" da ajami ba gargada.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na ƙi daina karatun nan duk da wahala. Na tsara samfurin wata ƴar manhaja ta rubuta bashi don ƴan kasuwa, na ƙawata ta da kala da ƴan hotuna ina ji da kaina, na ɗauka na tafi Kantin Kwari na roƙi mutum 5 su gwada. Ba wanda ya kalli ƴan hotunan nawa. Uku daga ciki abin da suka fara nema shi ne inda za su danna su yi magana, don da saƙon murya suke kasuwancinsu a WhatsApp. Wani dattijo kuma ya juya wayar ya ce "to yaro ina zan sa sunan wanda ya tsaya masa?" Wallahi ban taɓa tunanin wannan ba, kuma babu darasin da ya taɓa faɗa min cewa a kasuwarmu bashi mutum uku ne, mai kaya da mai karɓa da wanda ya tsaya. A awa 2 na koyi abin da ban koya a wata 2 na bidiyo ba. To irin waɗannan mutane su ne mafi yawan waɗanda kuke so su shiga tattalin arzikin dijital, kuma waɗanda za su iya zama da su su ji yarensu su gane abin da ba su faɗa ba, su ne yaran nan da ke ficewa daga guruf ɗinmu saboda data.

Matan cikinmu sun ce in ban faɗi tasu ba kada in dawo. Da yawa matan aure ne ko ƴan mata a gaban iyaye, karatun onlayin ya dace da su fiye da kowa don ba sai sun fita ba, amma ajin kai tsaye sai a sa shi daidai lokacin girkin dare, haɗuwar ido da ido kuma a sa ta can wani gefen gari a tashi bayan magariba, wace uwa ce za ta bar ƴarta? Wata wayar ma ta maigida ce sai ya dawo. Kuma ku duba, gidajenmu da yawa an rubuta "ba shiga" a ƙofa, ni namiji ba zan iya shiga in zauna da matar aure mai sayar da turaren wuta ko atamfa ta WhatsApp in ga yadda take karɓar oda da kuɗi ba, mace ce kawai za ta iya wannan binciken. Duk macen da ta bar karatun nan, an rufe ƙofar gidaje masu yawa ke nan.

Na ƙarshe a ƙorafi shi ne bayan satifiket sai me. Ka gama ka sa a LinkedIn an yi maka barka, sai ka duba tallan aiki ka ga na masu farawa ma ana neman gogewar shekara 2, kuma yawanci a Legas. Wuraren da ke tara masu fasaha a Arewa irin su CoLab a Kaduna da Startup Kano da nHub a Jos suna ƙoƙari, amma guda nawa ne a yankin da ya kai wannan girma. A wannan ramin ne ƴan damfara suke kamun kifi, wata ƴar'uwa a cikinmu ta sayar da ɗan kunnenta ta biya wani mai "bootcamp" da ya yi alkawarin aikin dala, ashe bidiyon YouTube ya tattara, bayan sati 3 ya rufe guruf ya kashe waya. Ga AI kuma, wato ƙirƙirarriyar basira, ta zo tana zana shafi cikin daƙiƙa, wanda duk abin da ya koya shi ne jera maɓalli da zaɓen kala yana cikin matsala. Abin da AI ba za ta yi ba shi ne ta je Kwari ta zauna a benci dattijo ya tambaye ta wanda ya tsaya, kuma wannan ɓangaren ne karatun onlayin ya fi sakaci da shi.

To ga abin da muke roƙo, kuma mun yi ƙoƙari kada mu roƙi abin da ya fi ƙarfin ofishinku.

Ku zauna da NCC da kamfanonin sadarwa a cire cajin data a kan shafukan karatun da kuka amince da su, ko a fito da datar ɗalibi mai rangwame da za a ɗaura a kan NIN da shaidar cewa mutum yana cikin kwas. Ba sabon abu ba ne, Airtel da UNICEF sun yi wa shafin karatu na Nigeria Learning Passport irin wannan. Tunda an ba kamfanoni kashi 50 ɗinsu, wannan ba zai karya su ba.

Malam Kashifu, NITDA ta gina cibiyoyin kwamfuta a makarantu da garuruwa da dama cikin shekarun nan. Ku fitar da jerinsu da adireshi jiha-jiha, a sa musu sola, a buɗe su da yamma da ranakun Asabar da Lahadi ga duk wanda ya nuna yana karatu, a ware wa mata ranakunsu ko lokacinsu da rana tsaka kuma da mace mai kula. Ba ma neman esi, soket mai wuta da laftof mai aiki da intanet sun ishe mu. Sannan a duba bashin laftof da za a riƙa biya kaɗan kaɗan, yadda NELFUND ke ba ɗaliban manyan makarantu bashin karatu, don mu ma ɗalibai ne ko da ba mu da lambar matirik.

Duk darasin da gwamnati za ta biya kuɗi a yi ko a saya, a sa sharaɗin ya zo da sigar da ba ta cin data, sauti da rubutu da ƙaramin bidiyo da za a sauke sau ɗaya a tura wa juna ta Xender, kuma ranar miƙa aiki ta zama mai sassauci in an shiga irin duhun 2024 ko an kashe sabis a yanki.

A ɗauki ƴan Arewa da suka riga suka ƙware a aikin nan, suna nan ba su da yawa amma akwai su, a biya su su yi darussan tushe da Hausa da misalan kasuwa da asibiti da tasha da gona, a haɗa su da malaman harshe na BUK da ABU da jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a daidaita kalmomi kada kowa ya riƙa ƙirƙirar nasa. Ma'aikatarku tana alfahari da aikin AI mai jin Hausa da Yarbanci da Igbo, to ɗan Adam mai jin Hausa ma a koyar da shi da ita mana. In an yi na Hausa a waiwayi Fulfulde da Kanuri.

Wanda na fi so ku riƙe shi ne wannan. NITDA ce ke fitar da ƙa'idojin shafukan gwamnati. Ku sa a cikin ƙa'idar cewa dole fom ya karɓi suna mai ɗauri da haruffa masu lanƙwasa, dole shafi ya buɗe a ƙaramar waya da sabis mai rauni, kuma kafin a ƙaddamar da duk wani shafi da talaka zai cike sai an gwada shi da mutanen gaske a kasuwa da ƙauye. Sannan ku ba waɗanda suka gama karatun nan wannan aikin gwajin na wata 3 ko 6 da ɗan alawus. Ku kun sami shafukan da ba sa sa mutane kuka a kafe ɗin intanet, mu mun sami gogewar da ake tambaya a intabiyu da aikin gaske a fotfoliyo maimakon manhajar yawo da kare.

Ku kuma fitar da jerin masu horarwa da kuka tantance don a rage damfara. Sannan in za a faɗi nasara, dan Allah kada a tsaya a yawan waɗanda suka yi rajista, a faɗa mana nawa suka gama, nawa suka tsaya a wane mako kuma me ya tsayar da su, nawa suka sami aiki, jiha-jiha, maza nawa mata nawa. A UX ma ba a auna manhaja da yawan waɗanda suka sauke ta, inda mutane suke ficewa ake dubawa.

Gani ya kori ji, don haka muna gayyatarku Kano, ku biyun ko wanda kuka wakilta, amma ba a otal ba kuma ba jiniya. Za mu zaunar da ku a shagon wani ɗan guruf ɗinmu da azahar lokacin da babu wuta, mu ba ku Tecno mai fasasshen gilashi da caji kashi 30 da data giga 1, ku kalli darasi ɗaya ku yi aikin da aka bayar ku miƙa. Mu kuma za mu zauna a gefe da littafi da biro muna rubuta inda kuka maƙale, kuma kamar yadda aka koya mana, ko kun juyo kun kalle mu ba za mu nuna muku inda za ku danna ba. Shayi da burodi a kanmu.

Allah ya ba ku ikon dubawa, ya sa a gama lafiya.

Naku,
wani mai koyon UX daga Kano, a madadin ƴan guruf ɗinmu, waɗanda suke nan da waɗanda datarsu ta ƙare.